Noti Uku na Majigi

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidan kakarku: wai ni na kai ƙarar kawunku Umaru, na sa aka ɗauke shi daga Jalingo aka jefa shi kan dutsen Mambila. Babu ɗayanku da ya taɓa tambayata, kuma na gode da wannan kunyar, amma ina ganin yadda kuke yin shiru idan an ambaci sunansa ina wurin. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, zan rubuta muku yadda abin ya faru, da inda na yi daidai da inda na yi kuskure. Kowane layi sai na karanta shi sau uku kafin in wuce, kun dai san halina.

A shekarar da aka ba mu jiha, garin nan ya cika da ma'aikata daga ko'ina, wasu har a ofis suke kwana saboda rashin gida. Ni masinja ne a ɗaya daga cikin sababbin ofisoshin. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina iya karanta Turanci a hankali idan ba a tsaya a kaina ba. Bayan an tashi aiki, da ranakun hutu, ina gyaran rediyo a ƙofar gidanmu na Mayo Gwoi. Mutane suna kawo mini aiki don ba na ɓata kaya, suna kuma tsegumina don ba na gamawa da wuri. Tun ina yaro nake da waswasi. Nakan rufe kwaɗo, in yi taku goma, in koma in ja shi. Nakan sake alwala don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Mahaifiyarku Dija takan ce wai da ni aka ba ajiyar kogin Binuwai, da kullum sai na je na duba ko yana nan.

Wata Asabar aka aiko mini cewa Baba Adi na unguwar Barade yana nemana. Bajukune ne daga wajen Wukari, Kirista, ya yi ritaya daga aikin tangarahu, wato buga saƙo ta waya, tun kafin in yi aure. Yana da lasin na magana da mutanen wasu ƙasashe ta rediyo, ba da murya ba, da bugun nan na tangarahu, gajere da dogo. Shekara goma sha bakwai yana hira da wani tsoho a Amurka duk ranar Lahadi da yamma, ba su taɓa ganin juna ba ko a hoto. Sai tsawa ta faɗo kan eriyarsa ta ƙone masa na'urar. Abokin ya aiko masa da wata ta gidan waya, amma ba a haɗe ba: kwali ne cike da ƙananan kaya a leda-leda, da littafin yadda ake haɗawa. Baba kuwa yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya gane haske da duhu.

Ya miƙo mini wasiƙar abokin ya ce in karanta da ƙarfi. Tsohon ya rubuta cewa 'ya'yansa za su mayar da shi gidan da ake kula da tsofaffi, inda ba a yarda a kafa eriya ba. Zai riƙa saurare duk Lahadi har ranar da za a kwashe kayansa. Muka ƙirga da kalandar da ke bango, Lahadi tara suka rage.

Baba ya ce, "Malam Sale, an gaya mini kai ne mai gyaran da ya fi kowa jinkiri a garin nan. Shi ya sa na aika maka."

Na ce, "Baba, ban taɓa haɗa irin wannan ba. Idan na ɓata fa?"

"Kai ka kawo ido da hannu. Ƙwaƙwalwa tana wurina."

Haka muka yi. Ina tashi daga aiki in hau keke zuwa Barade, mu zauna a barandarsa har a kira magariba. Ni ina karanta littafin layi-layi, shi yana fassara mini abin da ake nufi, sannan in ɗora ƙarfen soda a kan gawayi in narka dalma in liƙa. Duk abin da na liƙa sai na karanta masa lambarsa sau biyu. Kafin Lahadi ta uku mun kusa gamawa. Sai muka iso shafin da ya canza mini rayuwa, kuma babu komai a cikinsa sai zanen noti huɗu.

Akwai wani tiransisto guda ɗaya, shi ne ke tura saƙon ya haye teku, kuma yana ɗaukar zafi sosai. Dole a ɗaure shi da mariƙinsa a jikin wani farantin alminiyon mai tsaga-tsaga a baya, wanda ke shanye zafin. Idan bai kwanta lif a kan farantin ba, minti kaɗan zai ƙone, kuma guda ɗaya tak aka aiko. Na nemi ledar notin, na same ta a yage tun a hanya. Na zazzage kwalin a kan farin zane, na bi kowane lungu, noti ɗaya kawai na samu ya maƙale a kusurwa. Ban damu ba a lokacin. Ina da gwangwanin madara cike da notin rediyoyin Japan da suka mutu a hannuna. Washegari na zaɓo uku masu kama da shi sak, tsayi ɗaya, kauri ɗaya a ido. Na sa na farko a rami, ya shiga juyi ɗaya da rabi lafiya, sai ya cije. Na ƙara wa sukundireba ƙarfi kaɗan. Sai na ga wani farin gari yana fitowa daga bakin ramin.

Nan take na daina juyawa. Na kwance shi a hankali, na zauna ina kallon hannuna.

Baba ya ce, "Me ya faru? Na ji numfashinka ya canza."

Na gaya masa gaskiya, cewa na fara tilasta noti kuma na ci bakin rami ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya ce in ɗauki notin asali da nawa, in haɗa su ciki da ciki, haƙora su shiga haƙora, in ɗaga su sama wajen haske. Na yi. Haske yana ratsawa tsakaninsu. Haƙoran na Japan sun fi matsuwa, na Amurka sun fi faɗi, kowace ƙasa da awonta. A ido ba ka ganewa, amma ƙarfe ya sani. Idan na matsa da ƙarfi, notin zai cinye ramin, ya cije tun bai kai ƙasa ba. Hannuna zai ji kamar ya ɗauru, alhali tiransiston yana lilo a kan iska. Na saka na asali a ramin da na taɓa, ya wuce wurin da ya lalace ya kama na ciki. Allah ya rufa asiri. Saura uku.

Na sake kwance notin asalin, mako biyu ina yawo da shi a ƙulle a bakin hankici. Na je wurin masu gyaran rediyo na kasuwa, da mai gyaran agogo, da mai keken ɗinki, da mai tabarau, har da masu babur a Turaki. Duk inda na je sai in haɗa nasu da nawa in ɗaga sama, su kuma su yi ta dariya.

Wani ya ce, "Malam Sale, wata kake dubawa da rana tsaka? Ka matsa shi kawai, zai yi wa kansa hanya. Mu haka muke yi."

Wani ya ce in naɗa masa zaren ɗinki. Wani ya ce in huda farantin gaba ɗaya in ɗaure ta baya, amma bayan duk tsaga ne, babu inda abin ɗaurin zai zauna. Ban ga laifinsu ba, rediyon sauraron labarai yana jure wannan. Amma ni na riga na ga farin garin nan, kuma na ƙudura a raina cewa ko Lahadi tara za su ƙare ina yawo, ba zan sake juya notin da ya cije ba.

Baba ne ya ce in daina neman noti, in nemi tsohon kayan Amurka. Nan na tuna da majigi. Ku ba ku san shi ba: na'urar da ake yawo da ita ƙauyuka da, ana haska fim a jikin bango. Akwai ɗaya a siton ofishinmu, an kwaso shi daga Yola cikin tarkace, ya mutu tun ban fara aiki ba. Mai kula da siton kuwa kawunku ne, Hamma Umaru, yayan mahaifiyarku. Shi ya samar mini aikin masinjan ma. Mutum ne mai faɗin rai, ba ya iya cewa a'a.

Ya buɗe mini sito da tsakar rana. Na lura kantoci da yawa babu komai a kansu, na ɗauka kayan ba su gama isowa ba ne. Majigin yana ƙasa, gizo-gizo ya yi gida a bakinsa. Na kwance noti ɗaya daga murfin gefe, na haɗa da na asali, na ɗaga wajen taga. Babu haske ko kaɗan. Suka rungumi juna kamar tare aka haife su. Na gwada sau uku, sannan na mayar da shi inda na cire, na ɗaure.

Hamma ya ce, "Bai yi ba?"

"Ya yi, Hamma."

"To me ka mayar da shi yi? Cire uku ka sa a aljihu, mu je mu ci abinci."

Na ce, "Kayan gwamnati ne. Akwai lamba a jikinsa."

Ya kalle ni ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "Sale, abin da ko mai gwangwan ba zai ɗauka ba? Ni ne mai sito, na ba ka."

"Kai ajiya aka ba ka, Hamma. Zan rubuta takarda in roƙa."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, a hankali, "Kada ka rubuta komai. Takarda idan ta hau sama, mutane take saukowa da su."

Ga wurin da nake so ku karanta da kyau. Na ji wannan maganar. Ba zan ce ban ji ba. Na kuma ga kantocin. Da na tsaya na haɗa biyun kamar yadda nake haɗa noti da noti, da na gane abin da yake gaya mini. Ban haɗa ba, don hankalina duk yana kan kaina: yadda zan yi sallah da noti uku na sata a cikin na'urar da na haɗa da hannuna, yadda zan riƙa jin faɗuwar gaba duk lokacin da aka kira ni ofishin Darakta. Na san kaina, ba zan sake cin abinci da daɗi ba. Tsoron da nake ji wa kaina ya hana ni ganin tsoron da ke fuskarsa.

A gida na gaya wa mahaifiyarku, tana tankaɗe garin masara. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Malam, Hamma ya ce ka ɗauka, ka ɗauka mana. Idan zunubi ne, a rubuta mini rabi."

"Ba a raba shi haka, Dija."

"To ka bar wa tsohon kayansa. Kai ka aiko da tsawar?"

Ban iya barin ba, kuma ban iya ɗauka ba. Da na kai wa Baba Adi labari, ya yi murmushi ya ce a zamaninsu ko fensir sai ka mayar da guntun tsohon kafin a ba ka sabo. Ban gaya masa gargaɗin Hamma ba, wannan ma laifina ne. Shi ya faɗi kalmomin Turancin, ni na rubuta da hannuna: ina roƙon a ba ni izinin cire noti uku daga mataccen majigi da ke sito. Da safe na sa takardar a fayil, na kai ta teburin Darakta da kaina, tunda kai fayil aikina ne. Na wuce ta ƙofar sito da ita a hammata, Hamma yana zaune yana shan shayi, ya ɗaga mini kofi. Ban tsaya ba.

Kwana biyu ofis yana dariya. Masu buga tafireta suna kirana Alhaji Noti. A rana ta uku Darakta ya yi rubutu a ƙasan takardar: a duba majigin a tabbatar ya mutu, kuma tunda za a buɗe sito, a duba sauran kayan gaba ɗaya. Mutum uku aka tura. Suka tarar babu fankoki, babu kujeru da yawa, babu ƙaramin janareto. Ina so ku sani, kuma ku gaya wa 'ya'yanku: kawunku bai sayar da ko tsinke ba. Manya ne da aka turo garin suka tarar da gidaje babu komai, kowa ya zo ya ce a ba shi aro zuwa wani lokaci, shi kuma ya bayar, bai ce kowa ya sa hannu ba don yana jin nauyinsu. Da aka tambaye shi su wane ne, ya ƙi faɗin suna ko ɗaya. Wasu kayan suka dawo da kansu a bayan motoci, babu wanda ya ce uffan. Amma dole laifi ya sauka a kan wani.

Lahadi ta shida ta wuce, ta bakwai ta wuce, takardata tana kwance ƙarƙashin wannan rigimar. Dija ta daina yi mini magana sai abin da ya zama dole. Kakarku ta aiko a gaya mini kada in je gaishe ta. Kullum da yamma ina zuwa Barade, na gama komai, na ɗaure wayar eriya tsakanin mangwaro da dogon gora, na caja batirin mota, na'ura tana zaune da ramuka uku a buɗe. Ranar Lahadi ta takwas Baba ya kasa haƙuri. Ya lalubo gwangwanin madarata a kan tebur ya turo mini.

Ya ce, "Sa na Japan ɗin. Ko minti biyu ya yi kafin ya ƙone, in ce masa sai wata rana, ya isa."

Na ture gwangwanin gefe. Na ce, "Baba, idan ya ƙone tun bai ji ka ba fa? Ba mu da wani. A ba ni mako ɗaya."

"Idan takardar ba ta fito ba?"

"Ranar Lahadi mai zuwa in ba ta fito ba, zan sa su da hannuna. Amma ba yau ba."

Ya haƙura. Ƙarfe huɗu, lokacin hirarsu, ta yi, ta wuce, muna zaune. Na san a can wani tsoho yana saurare bai ji komai ba. Ban taɓa jin nauyin awa ɗaya irin wannan ba.

A makon nan kullum sai na ɗauko fayil ɗin na mayar da shi saman tarin da ke teburin Darakta. Ranar Juma'a da safe takardu biyu suka fito tare, kuma ni aka ba in kai. Ɗaya ta canja wa Hamma wurin aiki zuwa Gembu, kan dutsen Mambila. Ɗayar tawa ce, an rubuta a kanta a ba masinja noti uku. Na tsaya a ƙofar sito na kasa shiga. Shi ya miƙo hannu ya karɓa, ya karanta ta farko, ya ninke ya sa a aljihu. Ya karanta ta biyu. Sannan ya jawo majigin tsakiyar ɗaki da kansa.

Ya ce, "Cire."

Na durƙusa na cire uku. Na ce, "Hamma, wallahi ban nufe ka da..."

"Na sani. Da ka nufe ni da sharri, da ya fi mini sauƙi." Ya ɗauko biro ya rubuta a ƙasan takardar cewa ya bayar, ya sa hannu, ya juyo mini da ita. "Sa naka a nan. Ai kai mai son takarda ne."

Wannan ne aikinsa na ƙarshe a siton.

Ranar Asabar na wanke notin da kananzir, na goge. Kowane ɗaya na fara juya shi da yatsa, ba da sukundireba ba, ya tafi sumul har ƙasa. Tiransiston ya kwanta, na gwada tura gefen takarda ƙarƙashinsa ta ƙi shiga. Ranar Lahadi ta tara Baba ya dawo daga coci bai cire babbar rigarsa ba. Na yi la'asar a gefen barandarsa, na haɗa batir. Ya saƙala abin ji a kunne, ya ɗora yatsu biyu a kan mabugin, ya fara. Ni kuma na ɗora ɗan yatsana a kan farantin, ina jira in ji zafi. Ya buga, ya saurara. Ya sake bugawa. Sau biyar. Farantin ya yi ɗumi kamar kofin shayin da aka manta, bai wuce haka ba. A karo na shida na ga bayansa ya miƙe. Ya cire abin ji na kunne ɗaya ya miƙo mini. Can ƙasa, cikin shuuu, wani ɗan siririn sauti yana tsalle, gajere da dogo. Ban fahimci ko harafi ɗaya ba.

Sun yi kusan rabin awa. Da ya gama ya zauna da hannunsa a kan mabugin. Na tambaye shi me suka ce.

Ya ce, "Gwiwarsa tana ciwo. Ya tambaya ko mangwarona ya yi 'ya'ya bana. Na ce ya yi." Ya goge fuska da hannun riga. "Mun yi sallama yadda ya kamata."

Na koma gida na tarar da mahaifiyarku tana ɗaure wa Hamma yaji da daddawa da bargo biyu, saboda sanyin dutse. Motarsa da asuba za ta tashi. Ba ta juyo ba.

Ta ce, "Ya yi?"

Na ce, "Ya yi."

Ta ja bakin ƙullin da haƙori ta ce, "To."

Shekara goma sha ɗaya kawunku ya yi a can. Sanyi ya kama masa ƙirji, tarin da kuka san shi da shi daga nan ne. Da ya dawo muna gaisawa a masallaci da wurin jana'iza, amma bai sake cin abinci a gidana ba har ya rasu. Na yi ta juya abin nan shekara da shekaru. Ban yi nadamar ƙin tilasta noti ba, ban yi nadamar ƙin sa shi a aljihu ba. Abin da ke ci na shi ne taku goma tsakanin barandar ofis da ƙofar sito, ranar da ya ɗaga mini kofin shayi. Ni da nake komawa in ja kwaɗo sau uku, ban koma sau ɗaya na tambaye shi abin da yake tsoro ba. Da na nuna masa takardar na ba shi mako guda, da ya bi manyan nan ya tattaro kayansa.

Takardar tana cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona, a cikin littafin haɗa rediyon, wanda Baba ya bar mini. Ku ɗauko ku duba. Babu sunan kawunku a cikin roƙon da na rubuta a kanta. Sunansa yana ƙasa, da hannunsa, inda ya rubuta noti uku ya ja layi biyu a ƙarƙashi.